Yadda ake mayar da zane da jadawalin Excel hoto ba tare da rubutu ya dushe ba

Tambaya: Ni ne ke riƙe da lissafin wata ƙungiyar 'yan kasuwar albasa da hatsi a Sakkwato. Kowane wata ina shigar da farashi da yawan buhunan da suka shigo daga ƙananan hukumomi a Excel, in yi zane, in tura wa mambobi ta WhatsApp, a ƙarshen shekara kuma a buga rahoto a takarda. Ina ɗaukar hoton fuskar kwamfutar ne kawai, amma mambobi suna kukan lambobin ba sa karantuwa, mai shagon da ke buga mana rahoto shi ma ya ce hotunan ba su da kyau. Ta yaya zan adana zanen da wani yanki na jadawalin a matsayin hoto mai kyau?

Amsa: Malam, Allah ya taimake ka a kan wannan aiki. Matsalar da ka kawo tana da tushe guda, kuma idan aka gane shi sauran bayanin duk zai zo da sauƙi. Zanen da kake gani a cikin Excel ba hoto ba ne tukuna. Abin da manhajar ta adana umarni ne kawai, cewa a ja layi daga nan zuwa can, a yi sanda mai tsawo kaza da launi kaza, a rubuta wannan suna a ƙarƙashinta, kuma duk lokacin da ka buɗe fayil ɗin sai ta sake zana shi daidai da girman da aka nema. Mai son ya tabbatar zai iya kwafar fayil mai ƙarshen xlsx, ya sauya ƙarshen zuwa zip, ya buɗe, domin tun fitowar 2007 haka Excel ke ƙunshe fayilolinta. Zai tarar da hotunan da aka saka daga waje a foldar media, amma zane-zanen suna wata folda mai suna charts, kuma rubutun umarni ne zalla a cikinta. Hoto kuwa tarin ɗigo ne ƙanana masu launi, jere a layi, kuma yawansu yana tsayawa ne a daidai lokacin da aka ɗauke shi. Zanen Excel kamar awo ne a hannun tela, wanda zai iya yanka riga a kowane girma aka so. Hoto kuma ɗinkakkiyar riga ce, idan ta yi kaɗan ba ta da magani. Saboda haka duk ƙoƙarin da za ka yi, ka yi shi ne kafin a ɗauki hoton, domin babu wata manhaja da za ta dawo maka da ɗigon da ba a ɗauka ba tun farko.

Bari mu yi lissafin abin da ke faruwa da kai. Zanen da Excel ke fitarwa da kanta, idan ba a taɓa girmansa ba, faɗinsa inci 5 ne tsawonsa inci 3, kuma fuskar kwamfuta a ƙa'idar Windows tana ba kowane inci ɗigo 96. Ke nan hoton da ka yanko yana da ɗigo 480 a faɗi da 288 a tsaye. Mai buga takarda kuwa yana son ɗigo 300 a kowane inci. Idan hoton zai cika faɗin rubutu a takardar A4, a ce santimita 15, wato inci 6 saura kaɗan, to ana bukatar ɗigo kusan 1,770 a faɗi. Ka ba shi 480, shi kuma ya ja gefen hoton har ya cika shafi, don haka kowane ɗigo ya kumbura kusan ninki huɗu, lambar 8 ta koma kamar 3, gefen haruffa ya yi gashi-gashi. Ko da ka faɗaɗa zanen ya cika fuskar gaba ɗaya, yawancin kwamfutocin hannu da ake samu a ofisoshinmu da shagunanmu faɗin fuskarsu ɗigo 1,366 ne, bai ma kai abin da ake nema ba. Mai shagon bai yi maka ƙarya ba.

Yanzu sai hanyoyin, kuma zan fara da zane domin ya fi sauƙi. Idan Excel ɗinka sabuwa ce, wato ta Microsoft 365 ko wadda ta fito a 'yan shekarun nan, ka kai linzamin kwamfuta bakin iyakar zanen ta waje, ba kan sanda ko layi ba, ka danna maɓallin dama, za ka ga «Save as Picture». A nan za ta tambaye ka suna da irin fayil, kuma akwai nau'o'in fayil ɗin hoto irin su PNG da JPEG da SVG da wasu. Mutane da yawa suna cewa ba su ga wannan umarni ba alhali yana nan, dalili kuwa sun danna ne a tsakiyar zanen, sai manhajar ta ɗauka sanda ɗaya suke son gyarawa. Kafin ka adana, ka ja kusurwar zanen ka ƙara masa girma sosai, ka kuma ƙara girman rubutun da ke ciki daidai da haka. Bayan ka adana, ka je kan fayil ɗin ka danna dama, ka shiga «Properties» sannan «Details», ka ga yawan ɗigon da idonka. Idan faɗin bai kai abin da muka lissafa ba, ka ƙara girma ka sake. Na fi son mutum ya saba da wannan dubawar a kan ya haddace wata lamba, domin abin da ke fita yana bambanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta.

Idan kuwa taka ta 2010 ce ko 2013 ko 2016, kamar yadda har yanzu take a kwamfutoci da dama a garin nan, wannan umarni babu shi a kan zane, sai an zagaya. Zagayen da na fi amincewa da shi PowerPoint ne. Ka kwafi zanen, ka buɗe shafi fari a PowerPoint, ka manna shi, ka ja shi ya cika shafin, sannan ka danna dama a kansa, domin ita PowerPoint ta daɗe da samun «Save as Picture». Akwai kuma tsohuwar dabara ta adana fayil ɗin Excel gaba ɗaya a matsayin «Web Page», wadda ke haifar da wata folda kusa da shi ɗauke da hoton kowane zane da sunaye irin su image001. Tana da amfani ranar da kake da zane ashirin kuma lokaci ya ƙure, sai dai hotunan sukan fito ƙanana, kuma dole ka yi ta a kan kwafi, kada ka wayi gari ka ga kana ci gaba da aiki a cikin fayil ɗin intanet ɗin ka bar na asali.

Yankin jadawali, wato gidajen lambobi da ka zaɓa daga wannan kusurwa zuwa waccan, shi ne ya fi wahalar da mutane, domin Excel ba ta da umarnin da zai adana shi hoto kai tsaye. Abin da take da shi shi ne ta kwafe shi a matsayin hoto, kai kuma ka nema masa wurin sauka. Ka zaɓi gidajen, ka je «Home», ka duba kusa da alamar kwafi akwai ɗan ƙaramin kibiya, ka danna shi ka zaɓi «Copy as Picture». Wani ɗan akwati zai fito da tambayoyi biyu, kuma a nan ne ake cin riba ko a yi hasara, don haka zan ɗan tsaya a kansu.

Tambaya ta farko ita ce, a ɗauko shi yadda yake a fuska ko yadda zai fita a takarda. Na farkon yana zuwa da siraran layukan nan masu ruwan toka da ke raba gidaje, idan suna kunne, na biyun kuma yana zuwa ne da iyakokin da kai ka zana da hannunka kawai, sai fa idan ka ce a buga layukan. Don rahoto, na biyun ya fi tsabta. Tambaya ta biyu ita ce tsakanin «Picture» da «Bitmap», kuma tana buɗewa ne idan ka zaɓi yadda yake a fuska. «Bitmap» ɗigo ne, daidai da yanko hoton fuska, ba ka tsere wa komai ba. «Picture» kuwa yana riƙe umarnin zanen, saboda haka idan ka manna shi a PowerPoint za ka iya jan kusurwarsa har ya cika shafi, rubutun yana nan da kaifinsa. Bayan ka faɗaɗa shi ne za ka danna dama ka adana shi PNG, sai a ƙirga ɗigon a kan babban girman. Idan ka manna shi a Paint kai tsaye, nan take zai koma ɗigo a kan ƙaramin girmansa, kuma wannan ne kuskuren da na fi gani a hannun masu shagunan kwamfuta. Paint tana da amfaninta wajen yanke gefe, amma ba ita ce masaukin farko ba.

Ka lura da abu ɗaya a nan. Gidan da ba ka zuba wa launi ba, a idonka fari ne, amma a wurin Excel ba shi da launi ko kaɗan. Idan aka adana shi PNG a haka, bayansa yakan fito a buɗe, abin da ke ƙarƙashi ya riƙa lekowa, sai wanda ya sa wayarsa a baƙin yanayi ya buɗe ya ga baƙin rubutu a kan baƙin fili, ya kira ka ya ce ka turo hoto babu komai. Maganinsa shi ne ka zaɓi yankin ka zuba masa farin launi da gangan kafin ka kwafa. Haka ma zane, ka tabbata filinsa na baya fari ne, ba «No Fill» ba, wato marar launi.

Ga wanda rahotonsa zai je wurin bugawa, akwai hanyar da na fi fifitawa a kan duk waɗannan, ita ce ta PDF. Ka zaɓi yankin ko zanen, ka je wurin adanawa ka zaɓi PDF, ka shiga «Options» ka ce «Selection», ko «Selected chart» idan zane ne, wato abin da ka zaɓa kaɗai za a fitar. Kafin nan ka gyara shafin ya zama duk faɗin jadawalin ya shiga takarda ɗaya, a kwance idan layukan tsaye suna da yawa. PDF yana riƙe rubutu da layi a matsayin umarni, don haka firinta za ta buga shi da iyakar kaifin da take iyawa, kuma sau da yawa mai shagon ba ya bukatar hoto ma, wannan ɗin ya ishe shi. Idan kuma lallai sai hoto, manhajar GIMP, wadda kyauta ce, tana buɗe PDF ta tambaye ka ɗigo nawa kake so a inci, ka rubuta 300, ka yanke farin gefen, ka fitar da PNG. Zagayen yana da ɗan tsawo a karon farko, amma shi kaɗai ne ke ba ka damar faɗin adadin ɗigon da bakinka.

Batun irin fayil ba ya bukatar dogon zance. PNG za ka zaɓa. An ƙirƙiro JPEG ne a farkon shekarun 1990 domin hotunan kyamara, kuma yana rage nauyi ta hanyar yanka hoton gida-gida, ɗigo 8 sau 8, yana zubar da bambancin launin da ido ba ya kamawa a fuskar mutum ko a gona. A kan baƙin harafi da farin fili kuwa ido yana kamawa, shi ya sa kake ganin wani dusar-dusar a kewayen lambobi. PNG ba ya zubar da komai, kuma ga zane mai launuka kaɗan nauyinsa ba ya da yawa, ba zai cinye wa mambobinka data ba. SVG umarni ne shi ma, yana da kyau ƙwarai idan mai tsara mujalla ko babban allo ne zai karɓa, amma kada ka tura wa mambobi, domin wayoyi da yawa ba sa nuna shi a wurin hotuna.

Akwai wani dalili da ya shafe mu musamman, mu masu rubuta Hausa. Idan kan jadawalinka yana ɗauke da haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ko alamar naira ₦, to fitowarsu ta dogara ne ga salon rubutun da ke cikin kwamfutar da aka buɗe fayil ɗin. Ka tura Excel ko SVG zuwa wata na'ura da ba ta da salon da ka yi amfani da shi, sai «Ƙaramar Hukuma» ta fito da ɗan akwati a madadin harafin farko, ko harafin ya fito da wani salo dabam yana tsalle a kan layi. PNG yana daskarar da abin da idonka ya gani, PDF kuma a bisa al'ada yana ƙunshe salon a cikinsa. Don haka ka duba haruffan da kyau a taka kwamfutar kafin ka ɗauka, ka zaɓi salon da ke fitar da su daidai da 'yan'uwansu, domin yadda suka fito a nan haka za su tafi ko'ina.

To, a ce ka samu hoto mai ɗigo 1,800 tsaf. Har yanzu WhatsApp zai iya lalata maka shi a mataki na ƙarshe, kuma ina kyautata zaton rabin kukan mambobinka daga nan yake. Duk hoton da aka tura ta wurin hotuna, manhajar tana rage masa girma ta matse shi irin matsewar JPEG kafin ya tafi. A 2023 sun ƙara maɓallin HD, wanda ke rage ɓarnar amma ba ya kawar da ita. Idan kana son hoton ya isa yadda ka yi shi, ka danna alamar haɗa fayil ka zaɓi «Document», ka ɗauko shi daga nan. Sai dai wannan ma tana da nata farashin, domin abin da aka tura a haka ba ya bayyana a cikin hira sai an danna an sauke, kuma dattijon da ke tsakiyar ciniki a Kasuwar Kara ba lallai ya tsaya yin haka ba. Abin da nake ba da shawara shi ne a tura biyu: hoto mai manyan lambobi ta hanyar da aka saba, wanda ko an matse shi zai karantu, da kuma cikakken PDF ga sakatare da ma'aji da duk mai son bin diddigi.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin ya fi duk dabarun nan tasiri, wato tsara abin tun farko domin inda za shi. Fuskar waya a tsaye take, faɗinta bai kai tafin hannu ba. Jadawali mai layukan tsaye goma sha biyu, ɗaya ga kowane wata, ko da ɗigo dubu biyar aka ɗauke shi, sai mai karatu ya sa yatsu biyu ya yi ta faɗaɗawa yana ja hagu da dama, har ya manta layin da yake bi. Ka buɗe wani shafi na dabam a cikin fayil ɗin domin abin da za a tura kawai, ka jawo lambobin da ake bukata daga babban shafin, layukan tsaye uku ko huɗu, misali sunan kaya, farashin watan jiya, farashin wannan wata, da bambanci. Ka sa rubutun ya yi girma, ka rage lambobin bayan ɗigo da ba su da amfani, ka sa waƙafi tsakanin dubbai. Idan kana kwatanta ƙananan hukumomi, kuma jihar nan tana da 23, kada ka yi zanen da'ira mai yanka-yanka, domin babu idon da zai bambance yanka ashirin da uku. Kada kuma ka yi sanduna na tsaye, domin sunaye irin su Gwadabawa da Dange Shuni da Sabon Birni ba za su shiga ƙarƙashin sanda ba, Excel za ta karkatar da su ko ta tsallake wasu ba tare da ta gaya maka ba. Sandunan kwance, a jere daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, suna ba kowane suna wurin zama, kuma zanen yana fitowa dogo a tsaye, daidai da fuskar waya. Don rahoton takarda kuma ka tuna cewa akasari baƙi da fari za a buga, inda ja da kore sukan koma toka iri ɗaya. Ka sa lambar kowace sanda a bakinta, idan layuka ne ka sa ɗaya ya zama mai tsinke-tsinke, ka kuma buga gwaji ɗaya kafin a buga ɗari.

Kafin ka danna kwafi, ka bi yankin da ido sau ɗaya. Gidan da ya yi wa lambarsa kaɗan yana nuna ##### ne, kuma a Excel mai karɓa zai iya faɗaɗa shi, a hoto kuwa haka zai zauna. Ka duba kwanan wata, domin kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka tana sa wata kafin rana, sai 3 ga Afrilu ta fito a siffar da mutanenmu za su karanta 4 ga Maris. Rubuta sunan watan da haruffa ya fi. Ka kuma sa sunan ƙungiya da watan da lissafin ya shafa a cikin hoton kansa, ba a saƙon da ke rakiyarsa ba. Hoto yana yawo daga waya zuwa waya ba tare da saƙon ba, kuma farashin albasa na lokacin kaka idan ya ɓulla a wani zaure bayan wata biyar ba kwanan wata a jikinsa, zai iya haddasa rigima tsakanin dillali da mai kaya.

Akwai wata fa'ida ta tura hoto da ya kamata ka sani, tun da amanar kuɗin mutane ce a hannunka. Idan ka kwafi zane daga Excel ka manna a Word ko PowerPoint ka zaɓi a cusa shi tare da fayil ɗinsa, to duk littafin lissafin ne ya shiga ciki, har da shafukan da ke ɗauke da sunayen masu bashi da lambobin wayarsu, kuma duk wanda ya karɓa zai iya buɗewa ya gani. Idan kuma ka zaɓi a ɗaure shi da na asali, sai ya riƙa neman fayil ɗin da ba ya cikin kwamfutar mai karɓa. Manna shi a matsayin hoto yana raba ka da duka biyun. Amma shi ma hoton, idan ka yanke gefensa a cikin Word ko PowerPoint, ɓangaren da ka yanke ɓoye shi kawai aka yi, yana nan, sai ka shiga «Compress Pictures» ka ce a share wuraren da aka yanke. Gara tun farko ka zaɓi iya gidajen da kake son a gani. Ita ma Word tana matse hotunan da aka saka mata zuwa ɗigo 220 a inci idan ba a hana ta ba. Wurin hanawar yana cikin «Options», sashen «Advanced», inda aka ce kada a matse hotunan fayil.

Idan wata rana aikin ya koma Google Sheets, a can zane ya fi sauƙi: a kwamfuta ka danna zanen, ka danna ɗigo uku na kusurwar sama, ka zaɓi saukewa, za a ba ka PNG ko PDF ko SVG. Yankin gidaje kuwa sai ta PDF, inda za ka zaɓi a fitar da gidajen da aka zaɓa kaɗai. A LibreOffice Calc, wadda kyauta ce, danna dama a kan zane yana ba da «Export as Image». Wanda ba shi da komai sai waya, abin da ya fi masa shi ne ya fitar da PDF, ya buɗe shi ya cika fuska, sannan ya ɗauki hoton fuskar, domin wayoyin yanzu da yawa sun fi tsofaffin kwamfutocin hannu yawan ɗigo. Ko a kwamfuta ma ban haramta yanko fuska ba. Maɓallan Windows da Shift da S a tare suna ba ka damar yanko yanki, kuma idan ka fara ƙara girman shafin har abin da kake so ya cika fuskar, sakamakon ya isa a tura wa mutum biyu su duba cikin gaggawa. Don takarda ne bai isa ba.

Tun da kowane wata kake maimaita aikin, abubuwa biyu za su rage maka wahala. Na farko shi ne hoto mai rai. Ka kwafi yankin, ka je shafin da ka ware, ka buɗe zaɓin mannawa ka ɗauki «Linked Picture». Hoton da zai fito yana ɗaure da gidajen asali, duk lambar da ka sauya can nan take za ta sauya a nan. Da wannan za ka iya jera ƙaramin jadawali da zane da kan rahoto a shafi ɗaya, ka tsara su sau ɗaya, wata mai zuwa ka shigar da sababbin lambobi kawai ka fitar. Kada dai ka yawaita su, domin suna sa fayil ya yi nauyi a tsohuwar kwamfuta.

Na biyu shi ne ɗan gajeren umarni da zai fitar da duk zane-zanen shafi a lokaci guda. Ka danna Alt da F11, ka buɗe «Insert» ka zaɓi «Module», ka rubuta wannan:

Sub FitarDaZane()
Dim z As ChartObject
For Each z In ActiveSheet.ChartObjects
z.Activate
z.Chart.Export ThisWorkbook.Path & "\" & z.Name & ".png", "PNG"
Next z
End Sub

Idan ka danna F5, zai bi zane-zanen shafin da ke buɗe ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye kowanne PNG a foldar da fayil ɗin yake, da sunan da zanen yake da shi. Saboda haka ka fara ba su sunaye masu ma'ana, irin su Albasa da Gero, ta ɗan akwatin suna da ke hagun wurin rubuta lissafi, in ba haka ba za ka samu Chart 1 da Chart 2. Layin da ke cewa Activate kada ka cire shi, domin ba tare da shi ba wasu fitowar Excel sukan ajiye fayil wanda babu komai a ciki. Yawan ɗigon da zai fita yana bin girman zanen da kuma girman da ka sa shafin a fuska, wanda ke iya kaiwa kashi 400, don haka ka ɗaga shi zuwa 200 ko fiye kafin ka kunna umarnin, ka duba sakamakon ta «Properties» kamar yadda na faɗa. Dole fayil ɗin ya kasance an riga an adana shi a wata folda ta cikin kwamfutar kanta, ba a OneDrive ba, wato ma'ajiyar intanet ta Microsoft, kuma a adana shi da ƙarshen xlsm, domin xlsx ba ya riƙe irin wannan umarni. Hotunan wata sabo za su hau kan na watan jiya tun da sunansu ɗaya, saboda haka ka kwashe tsofaffin zuwa foldar watansu kafin ka sake kunnawa. Fayil mai xlsm ɗin kuma ka bar shi a wurinka, mambobi hoto da PDF kawai za ka riƙa tura musu.